Zaizayewar Tsoka Ga Tsofaffi Masu Amosanin Gaɓɓai: Abin Da Ya Kamata Iyalai Su Sani

A Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kagoro, Zonkwa, Kwoi da Kachia, idan dattijo ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga kan kujera, amsar da ake bayarwa ɗaya ce: tsufa ne. Daga nan sai a nemo masa sanda, a kuma hana shi duk wani aiki saboda girmamawa. Likitocin da ke kula da tsofaffi kuwa sun daɗe da lura cewa sau da yawa larurori biyu ne ke haɗuwa a jikin irin wannan dattijo, wato amosanin gaɓɓai da zaizayewar tsoka, kuma kowace tana ƙara tsananta ɗayar. Amosanin gaɓɓai ba ya warkewa gaba ɗaya. Zaizayewar tsoka kuwa ana iya rage mata gudu, har a dawo da wani ɓangare na ƙarfin da aka rasa, ko da mutum ya haura shekara 80.

Mece ce zaizayewar tsoka?

Zaizayewar tsoka ita ce raguwar yawan tsokar jiki da ƙarfinta sannu a hankali yayin da shekaru ke ja. A likitance ana kiran ta sarkofiniya. Wani likita masanin abinci mai gina jiki a Jami'ar Tufts da ke Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya ƙirƙiro sunan a shekarar 1989 daga kalmomin Girka guda biyu masu ma'anar nama da ƙaranci. A 2016 aka ba ta lambarta a kundin rarraba cututtuka da asibitocin Amurka ke aiki da shi, abin da ya tabbatar da ita a matsayin larura mai zaman kanta wadda ake ganowa a kuma yi maganinta.

Tsokar ɗan Adam kan kai ƙololuwar ƙarfinta tsakanin shekara 20 zuwa 30 da 'yan kai. Daga nan takan riƙa raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, kuma raguwar takan ƙara sauri bayan shekara 60. Ƙarfin tsoka ya fi girmanta saurin faɗuwa, shi ya sa za a ga dattijo da jikinsa a cike amma ba ya iya ɗaga bokitin ruwa. Wasu ma kitse ne ke maye gurbin tsokar da ta tafi, sai nauyin jiki ya tsaya yadda yake, a ɗauka babu abin da ya canja.

Dalilan suna da yawa. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka suna raguwa. Sinadaran jiki masu taimaka wa ginin tsoka suna ja baya. Jikin tsoho kuma ba ya sarrafa furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar na matashi, saboda haka abincin da ya ishi ɗan shekara 30 ba lalle ya ishi ɗan shekara 70 ba. Ciwon suga, tarin fuka, cutar ƙoda, ciwon zuciya da cuta mai karya garkuwar jiki duk suna hanzarta lamarin. Amma babban abin da ke cin tsoka, wanda kuma yake hannun mutum, shi ne rashin aiki da ita.

Amosanin gaɓɓai

Amosanin gaɓɓai, wanda wasu ke kira sanyin ƙashi, iri-iri ne. Wanda ya fi yawa tsakanin tsofaffi shi ne wanda guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa ke lalacewa, gaɓar ta riƙa ciwo, tana sanƙarewa da safe na ɗan lokaci, wani sa'in tana ƙara idan an motsa ta. Ya fi kama gwiwa, kwatangwalo, yatsun hannu da ƙashin baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ke fama da shi a duniya, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Kusan kashi 73 cikin 100 na masu shi sun haura shekara 55, kashi 60 cikin 100 kuma mata ne.

Akwai wani nau'in da garkuwar jiki ce ke afka wa gaɓɓai, wanda kan kumbura yatsu da wuyan hannu na dama da hagu lokaci guda, sanƙarewar safiya ta daɗe fiye da awa ɗaya. Shi ma yana cin tsoka, har fiye da na farkon, amma maganinsa daban ne kuma yana buƙatar ƙwararren likita tun da wuri.

Yadda larurorin biyu ke ƙarfafa juna

Gwiwa ba ta ɗaukar nauyin jiki ita kaɗai. Babbar tsokar gaban cinya ce ke riƙe ta, tana kuma rage ƙarfin girgizar da ke sauka a kanta duk lokacin da ƙafa ta taka ƙasa. Idan gwiwa ta kumbura ko tana ciwo, jijiyoyi kan aika saƙon da ke hana wannan tsoka yin aiki da cikakken ƙarfinta, ko da mutum ya so. Shi ma mai ciwon yakan rage tafiya don gudun azaba. Cikin 'yan makonni cinya ta fara ramewa. Da ta rame sai nauyi ya koma kan gaɓar kai tsaye, ciwo ya ƙaru, mutum ya ƙara rage motsi, tsokar ta ƙara tafiya.

Kwanciya tana da tsada ga tsoho. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado na kwana goma, aka tarar sun rasa kusan kilo ɗaya na tsoka daga ƙafafunsu kaɗai. Ke nan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko jinyar mako biyu a asibiti, na iya raba dattijo da ƙarfin da ya yi shekaru yana lallaɓawa.

Ƙarshen wannan hanya shi ne faɗuwa. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 65 kan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 duk shekara a duniya. Karayar kwatangwalo ga tsohuwa ba ƙaramin al'amari ba ne, domin da yawa ba sa sake tafiya da ƙafarsu, ɗawainiyar kuma takan faɗa kan 'ya'ya mata da surukai, waɗanda kan bar gona ko kasuwa su zauna jinya.

Yadda lamarin yake a Kudancin Kaduna

Galibin tsofaffin wannan yanki manoma ne. Noman citta, wanda ƙananan hukumomin Kachia, Jaba, Kagarko da Jema'a suka yi fice a kansa, aiki ne na sunkuyo da durƙuso tun daga shuka da rufe gona da ciyawa a farkon damina har zuwa tono da tsagawa da shanya bayan ruwa ya ɗauke. Ga ɗaukar itace da ruwa, ga hawa da gangara a wurare masu duwatsu kamar Kagoro da Nok. Irin wannan aiki yana gina tsoka, amma durƙuso da ɗaukar kaya mai nauyi na shekaru masu yawa suna cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo amosanin gwiwa.

Haɗarin kan zo ne ranar da aikin ya tsaya. Manomin da ya saba yini a gona, idan gwiwa ta hana shi, ko 'ya'yansa suka ce ya huta ya yi nasa, yakan koma zama a ƙofar gida daga safe zuwa yamma. Haka ma'aikacin da ya yi ritaya, ciki har da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da suka zauna a Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun 1927. Haka kuma tsofaffin da rikici ya raba da ƙauyukansu suka koma zama a gidajen dangi cikin gari, babu gona, babu dabbobin da za su kula da su. Niyyar 'ya'ya ta alheri ce, sai dai Bahaushe ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Abinci ma yana da nasa rabon. Tuwon masara ko dawa, doya, rogo da faten acca suna ƙosarwa, amma furotin da ke cikinsu kaɗan ne, musamman rogo. Tsohon da haƙoransa suka zube yakan guji nama da ƙuli-ƙuli, kakanni kuma sun saba miƙa wa jikoki ɗan naman da aka sa masu a kwano. Idan kuɗin shiga ya ragu, kamar yadda ya faru da dubban iyalai lokacin da cutar ruɓewar citta ta cinye gonaki a daminar 2023, nama da kifi da ƙwai ne ke fara ɓacewa daga tukunya.

Alamomi da gwaje-gwaje masu sauƙi

Alamomin farko su ne wahalar tashi daga kujera ko tabarma ba tare da dafa wani abu ba, raguwar saurin tafiya, kasa hawa matakala, kasa buɗe murfin kwalba ko matse wanki, ramewar cinya da sha-raɓa, da yawan tuntuɓe. Wanda ya koma yin salla a zaune, ko wadda ta daina durƙusawa a coci, saboda tsoron kasa miƙewa, ya kamata a duba ƙarfin ƙafarsu, kada a tsaya kan ciwon gwiwar kaɗai.

Kwamitin ƙwararrun Turai kan wannan larura, wanda ya fitar da ƙa'idojinsa a 2010 ya kuma sabunta su a 2018, ya sanya raunin tsoka a matsayin ma'auni na farko. Ana auna ƙarfin damƙar hannu da wata 'yar na'ura. Ƙasa da kilo 27 ga namiji ko kilo 16 ga mace alama ce ta rauni. An samo waɗannan alƙaluma daga jikin Turawa, saboda haka likita kan haɗa su da sauran abubuwan da ya gani.

Akwai gwaje-gwajen da ba sa buƙatar na'ura. Na farko, dattijo ya zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya tashi ya zauna sau biyar a jere, wani yana tsaye kusa da shi. Idan ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15, ko ya kasa, akwai rauni. Na biyu, a auna mita huɗu a tsakar gida ya taka da tafiyarsa ta kullum. Idan ya kai daƙiƙa biyar ko fiye, tafiyar ta yi sanyi. Na uku, wanda masu bincike a Japan suka ɓullo da shi, ya zagaye mafi kaurin sha-raɓarsa da manyan yatsu da manunai na hannu biyu. Idan yatsun suka haɗu har da sauran fili, tsokar ta ragu. Ciwon gwiwa kansa na iya sa a kasa gwaji na farko, shi ya sa auna damƙar hannu ke da amfani ga mai amosanin gaɓɓai.

A Najeriya, wani bincike da aka wallafa a 2018 kan tsofaffi fiye da 600 masu zuwa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Cif Tony Anenih da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya sami larurar ga kimanin kashi 5 cikin 100, kuma ta fi yawa ga mata. Waɗannan kuwa mutane ne da suka iya zuwa asibiti da kansu.

Motsa jiki: magani na farko

Har yanzu babu wani ƙwayar magani ko allura da aka amince tana warkar da zaizayewar tsoka. Abin da bincike ya tabbatar shi ne atisayen ƙarfafa tsoka. A 1990 Dokta Maria Fiatarone da abokan aikinta sun sa tsofaffi goma masu shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston suna ɗaga nauyi da ƙafa na mako takwas. Tara da suka kammala sun sami ƙarin ƙarfin cinya da ya kai matsakaicin kashi 174 cikin 100. Ƙa'idojin kula da amosanin gaɓɓai su ma sun sanya motsa jiki a sahun gaba, domin guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, yana samun abincinsa ne daga ruwan gaɓa idan ana motsa ta.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku. Ana iya yin wannan a tsakar gida. Dattijo ya tashi ya zauna daga kujera sau takwas zuwa goma, da farko yana dafa hannun kujerar, daga baya ya saki. Ya zauna ya miƙe ƙafa ɗaya sambal ya riƙe ta daƙiƙa biyar, sannan ɗayar. Ya dafa bango ya ɗaga dugadugansa ya sauke. Ya riƙa ɗaga gorar ruwa a kowane hannu. Idan atisayen ya yi sauƙi, a ƙara yawansa ko a ɗaura 'yar jakar yashi a idon sawu, domin tsoka ba ta ƙaruwa sai an ba ta aikin da ya ɗan fi wanda ta saba. Tafiya kaɗai tana da amfani ga zuciya, amma ba ta isa ta dawo da ƙarfin cinya ba.

Ɗan ƙarin ciwo a farkon farawa ba alamar lalacewa ba ne, muddin ya lafa kafin washegari. Idan gaɓar ta kumbura ko ciwon ya wuce kwana ɗaya, a rage, amma kada a daina. Sannu ba ta hana zuwa; yawanci akan ga canji cikin mako takwas zuwa goma sha biyu, kuma ƙarfin kan koma idan aka bari. Mai hawan jini da bai daidaita ba, ko ciwon zuciya, ko jiri, ya fara ganin likita. Ƙananan ayyukan gida kamar shara, ba kaji abinci, ɓarar gyaɗa da zuwa masallaci ko coci a ƙafa, bai kamata a ƙwace wa tsoho su ba.

Abinci

Ƙwararru kan abincin tsofaffi sun ba da shawara a 2013 cewa mai shekara 65 zuwa sama ya riƙa samun giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jikinsa a rana, sama da giram 0.8 da aka tsara wa sauran manya. Dattijuwa mai nauyin kilo 60 tana buƙatar giram 60 zuwa 72 ke nan. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Giram 100 na busasshen wake yana da sama da giram 20, na gyaɗa kimanin 25, na waken suya kuma kimanin 36.

Duk waɗannan ana noma su ko ana samun su a kasuwannin yankin. Ga wanda ba ya iya tauna akwai alale, ƙosai, awara, faten wake, kunun gyaɗa, miyar agushi, nono da kindirmo, sai garin busasshen kifi ko na ƙuli-ƙuli da za a barbaɗa a miya ko a fate. Ya fi amfani a rarraba furotin a abincin safe, rana da dare maimakon a tara shi a lokaci ɗaya, masu azumi kuma su tabbatar ya shiga sahur da buɗa-baki. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Ga mai ƙiba, rage nauyi yana sauƙaƙa wa gwiwa, domin kowane kilo ɗaya da aka rage yana sauke kimanin kilo huɗu daga kanta a kowane taki. Amma tsoho ya rage abinci ba tare da motsa jiki ba kuskure ne, saboda tsoka ce za ta tafi tare da kitsen.

Hattara da magungunan kashe ciwo

Da yawa daga cikin masu ciwon gaɓɓai suna dogara da haɗin ƙwayoyi da ake saya a kemis ko wurin masu talla ba tare da takardar likita ba. Irin wannan haɗi kan ƙunshi dexamethasone ko prednisolone, waɗanda ke kashe ciwo nan take, amma idan aka daɗe ana shan su suna narkar da tsokar cinya da kafaɗa, su raunana ƙashi, su tayar da suga da hawan jini, su kumbura fuska. Wanda ya daɗe a kansu kada ya yanke su rana ɗaya. Likita ne zai rage masa a hankali. Diclofenac, ibuprofen da piroxicam kuma suna iya jawo gyambon ciki, zubar jini da lalacewar ƙoda ga tsoho, musamman idan aka haɗa biyu a sha tare. Ga ciwon gwiwa, likitoci sun fi son a fara da na shafawa. Manufar maganin ciwo ita ce ya ba mutum damar motsawa.

A garzaya asibiti idan gaɓa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, idan ɓarin jiki ɗaya ya yi rauni farat ɗaya, idan mutum yana ramewa tare da tari ko yawan fitsari, ko idan ya faɗi ya kasa tsayawa. Karayar kwatangwalo ta fi ƙarfin ɗori na gida, yawanci tiyata take buƙata, kuma jinkiri na ƙara haɗari.

Inda za a nemi taimako

Matakin farko shi ne cibiyar lafiya a matakin farko da ke mazaɓa, inda za a auna jini da suga a kuma tura mutum gaba. A Kafanchan akwai asibitin da ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda Gwamnatin Tarayya ta amince a 2025 a mayar da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Ga manyan larurorin ƙashi ana zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Asibitin Barau Dikko a Kaduna, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Yana da kyau iyali su nemi a haɗa su da sashen gashin ƙashi, domin ma'aikatansa ne ke tsara atisayen da ya dace da kowane mutum, su kuma nuna yadda ake riƙe sanda, wato a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar mai ciwo.

A matakin ƙasa, an kafa dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa mai ɗauke da shekarar 2017, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauki nauyinsu, Jihar Kaduna kuma tana da hukumarta ta inshorar lafiya, KADCHMA, wadda iyali za su iya tuntuɓa kan rajistar iyayensu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 don inganta lafiyar tsofaffi.

A gida kuma akwai gyare-gyare marasa tsada: kujera mai tsayi maimakon tabarma ko 'yar kujerar tsuguno, ƙarfe ko icen dafawa a bayan gida da wurin wanka, fitila a hanyar fita da dare, da takalmin da ba ya santsi a lokacin damina. Ɗa ko jikan da ke son girmama tsohonsa zai iya ware minti goma sha biyar, sau uku a mako, ya tsaya kusa da kujerar yana ƙirga masa tashi da zama.